Yadda za ka gane ƴar faɗa-wutar rana mai ɗigon ja a bakin Gulbin Maradi

Shekara ta biyu da na ajiye alli na koma garka, akwai wata safiya ta watan Oktoba da har yau nake jin zafinta a raina. Na shiga fangalin alayyafo na tarar da ganye duk ya yi huda-huda, kamar an bi shi da tsinke. Ina cikin dubawa sai ga wasu ƴan fararen ƙwari suna tashi daga ciyawar bakin rijiya, su yi ɗan firr su sake sauka. Ban tsaya bincike ba, na ce ga ɓarayina. Na hau babur na shiga gari na sayo maganin feshi na jikka uku. Mai sayarwar bai tambaye ni wane ƙwaro ne ba, ni ma ban iya faɗa masa ba. Da yamma na feshe garkar kaf, har ciyawar gefen shinge.

Washegari fararen ƙwarin nan na kwance a ƙasa. Zumar da ke zuwa furen kabewata ta ɗauke ƙafa. Alayyafo kuwa, bayan mako guda cin ya dawo sabo, don mai cin nasa yana naɗe cikin ganye, kuma ba shi da dangantaka da waɗanda na kashe. Da na ɗauki ɗaya daga cikin matattun na ɗora a tafin hannuna, sai na ga abin da ban taɓa lura da shi ba duk tsawon zamana a Maradi: fiffike fari ruwan madara, an yayyafa masa ɗigon baƙi da ɗigon ja, kai ka ce atamfar lefe ce. Daga ranar na ɗaura aniyar sanin ta, kuma abin da na koya shi ne nake so in miƙa wa duk mai garka da duk yaron da ke da idon kallo.

Da farko ka raba malam-buɗe-littafi da faɗa-wuta, don nan mutane ke fara ɓata. Mun saba cewa wanda ke yawo da rana malam-buɗe-littafi ne, wadda ke zuwa fitila da dare kuma faɗa-wuta ce. Galibi haka ne, amma akwai faɗa-wutar da ke tashi da rana tsaka, kuma wannan tana cikinsu. Abin da ba ya ruɗi shi ne ƴan ƙahonin nan biyu da ke kansu. Na malam-buɗe-littafi suna da ɗan ƙululu a ƙarshe, kamar kan ashana. Na faɗa-wuta ba su da shi, ko dai siriri ne kamar zare har ƙarshe, ko kuma mai gashi-gashi kamar gashin tsuntsu. Sai kuma zama. Malam-buɗe-littafi in ya sauka yakan haɗe fikafikansa sama, ya riƙa buɗewa yana rufewa, abin da ya ba shi sunansa ke nan. Wannan kuwa in ta sauka sai ta naɗe fikafikanta a jikinta tsaf, kamar an naɗe tabarma, ta koma siririya doguwa, kusan siffar ƙwallon dabino. A zaune ba ta cika faɗin kwabon dala ashirin ba. In ta buɗe fiffike, daga wannan baki zuwa wancan santimita 3 ne zuwa 4.

Masana ƙwari suna kiranta Utetheisa pulchella. Carl Linnaeus, mutumin Suwidin ɗin nan da ya tsara yadda ake raɗa wa halittu suna, shi ya fara rubuta ta a 1758, kuma pulchella a Latin na nufin ƴar kyakkyawa. Na ji daɗi da na san haka, don jikata tun kafin mu san wannan suna take ce mata amarya.

Kamanninta na kusa sai ka durƙusa za ka gan su. Fikafikan sama dogaye ne, matsattsu, farare masu ɗan sirkin madara. A kansu akwai ƙananan ɗigon baƙi a jere layi-layi, a tsakanin layukan kuma akwai ɗigon ja masu ɗan girma, wasu zagaye, wasu kamar an shafa da bakin tsinken kwalli. Jan irin na ruwan zoɓo ne. A kai da kafaɗa za ka ga ɗan ruwan goro da ɗigon baƙi. Fikafikan ƙasa a zaune ba a ganinsu, amma farare ne, da baƙin gefe wanda bai daidaita ba, wani wuri ya yi faɗi wani wuri ya tsuke. Su ne ke sa in tana tashi ka gan ta fara fat, ba ka ganin jan ko kaɗan. Wannan ne ya ruɗe ni a wancan Oktoban, kuma shi zai ruɗe ka in ka tsaya ga kallon nesa. Ka kuma sani cewa wadda ta kwana biyu a duniya janta yakan koɗe ya koma kamar ruwan goron da ya sha rana, har ka yi zaton wata iri ce dabam. Ita ce dai.

Tashinta ma shaida ne. Ba ta da ƙarfin tashi irin na malam-buɗe-littafin da ke tsallake shinge ya ɓace. Takan tashi ƙasa-ƙasa, tana rawa-rawa, ta yi taku biyar ko goma ta sauka a kan karan ciyawa ko bayan ganye. To ga dabarar: kada ka bi ta da ƙafa tana sama, bi ta da ido. Ka tsaya cak har ta sauka, ka riƙe wurin da idonka, sannan ka taka a hankali, kuma ka zagaya yadda inuwarka ba za ta faɗa mata ba. Inuwa ce ke tashinta fiye da motsin ƙafa. In ta sake tashi, sake jira. A karo na uku ko na huɗu yawanci takan zauna ta bar ka ka kai fuskarka kusa. Wani abin mamaki, wannan mai raunin tashin a ido tana cin doguwar tafiya: ana samunta a faɗin Afirka da kudancin Turai da Asiya, kuma a wasu shekaru iska kan kai ta har Ingila, inda masu sha'awar ƙwari ke murna in sun ga guda ɗaya. Mu nan muna taka ciyawarta kullum ba mu ko waiwaya.

Amma in kana so ka same ta ba tare da yawon banza ba, kada ka fita neman ƙwaron. Fita neman ciyawarsa. Wannan shi ne babban abin da na koya, kuma ya fi duk sauran amfani. Yawancin faɗa-wuta suna da tsiron da suke zuba ƙwai a kai, don tsutsarsu ba ta cin kowane ganye. Ita wannan abincin ƴaƴanta shi ne kalkashin korama da danginsa, waɗanda masana tsirrai ke tarawa a ƙarƙashin sunan Heliotropium.

Kalkashin korama ba ya ɓuya ga wanda aka taɓa nuna wa. Tsayinsa daga idon sawu zuwa gwiwa, wani lokaci ya ɗan wuce. Kara da ganye duk gashi ne mai kaushi, ganyen kuma a yamutse yake kamar fatar da ta daɗe a ruwa. Furen ne babbar alama: wani dogon zangarniya siriri da ke lanƙwashe a ƙarshe kamar wutsiyar kunama, ƙananan furanni farare masu sirkin shuɗi sun jeru a gefe guda kawai. Furannin da ke buɗe suna wajen lanƙwasar, ƴaƴan da suka riga suka ƙulla suna ƙasa. Yana son ƙasa mai danshi wadda ruwa ya kwanta a kai ya janye. Yana da ƴan'uwa masu ƙananan ganye toka-toka da ke shimfiɗe a ƙasa, a busasshen laka ko a yashi, su ma da ƴar wutsiyar kunamarsu ƙarama. In ka ga wutsiyar nan, duba.

A nan Maradi wurin da na fi samunsa shi ne gaɓar gulbi bayan ruwa ya ja. Gulbin Maradi daga Najeriya yake shigowa, ya bi ta Madarunfa da Maradi da Tibiri da Gidan Rumji kafin ya sake komawa can ya haɗu da gulbin Rima, kuma ba ya gudu sai da damina. Idan kaka ta yi, ruwa ya tsaya, lakar gefe ta fara tsagewa, a nan ciyawar ke fitowa da yawa. Na gan ta a bakin tafkin Madarunfa inda ruwa ya janye, na gan ta a gefen hanyoyin ruwan Jiratawa tsakanin gonakin zogale, na gan ta a ramukan da aka ɗebi ƙasar bulo a bayan gari. Daga ƙarshen Satumba zuwa shigowar sanyi ne na fi ganin faɗa-wutar da yawa, amma inda ake ban-ruwa nakan ci karo da ita jefi-jefi har cikin rani. Lokacin fita kuwa hantsi ya fi, bayan raɓa ta bushe kafin rana ta take, ko kuma bayan la'asar. Ranar da iskar hunturu ke kaɗawa da ƙura, zauna gida, lafewa suke yi. Kuma ka sa takalmi rufaffe, ka riƙe sanda kana kaɗa ciyawar gabanka. Sandar na tayar maka da ƙwaron, tana kuma sanar da maciji cewa ga mutum tafe.

Akwai wani tsiro na biyu da ya kamata ka sani, biya-rana, mai furanni rawaya irin na wake, wanda kwansonsa in ya bushe yake kacau-kacau in an girgiza, yara na wasa da shi. Masana na ce masa Crotalaria. A kansa ake samun ƴar'uwar wannan faɗa-wutar, Utetheisa lotrix, wadda kamarsu ta ɓaci har masanan kansu sai sun sa madubin ƙara girma kafin su raba su da tabbaci. Saboda haka in ka ga mai ɗigon ja, rubuta tsiron da ka gan ta a kai. Wadda ke zagaye kalkashin korama ta fi kusa da zama pulchella, wadda ke cikin biya-rana kuma a fi zaton lotrix ce. Ga mai garka duk ɗaya ne, babu wadda ke cin alayyafo ko gero a cikinsu.

In ka sami ciyawar, juya ganyen. Tsutsar tana nan, wani lokaci ma a fili take kwance a kan ganye da rana, ba ta ɓuya. Launinta toka mai duhu, da farin layi a tsakiyar baya, da ɗigon ruwan goro a kowace gaɓa, da gashi tsilli-tsilli da ke fitowa daga ƴan ƙuraje baƙaƙe. Gashin bai kai cikar na gizaka ba. In ta ƙoshi takan kai kusan santimita 3.

Me ya sa ƙwaro ɗan wannan zai yi ado haka, ya fito da rana tsaka gaban tsuntsaye, ya kuma yi tashin ganin dama? Amsar tana cikin ganyen. Kalkashin korama da biya-rana suna ɗauke da wani dafi mai ɗaci da ke kare su daga masu ci. Tsutsar ta ci ganyen, dafin bai yi mata komai ba, sai ma ta tara shi a jikinta ta wuce da shi har zuwa lokacin da ta yi fiffike. Tsuntsun da ya taɓa cafkar ɗaya ya tofar, ba ya mance jan nan da baƙin nan. Adon nata gargaɗi ne. Na taɓa zama a gindin gawo ina kallon ƴan tsuntsaye suna tsintar fara da ƙananan ƙwari a gefen fangali, ita kuwa tana zaune a fili a kan kara, ba wanda ya kula ta.

Wannan dafin ya shafe mu mu ma, shi ya sa ba zan wuce shi da sauri ba. Hanta yake lalatawa, a hankali, ba tare da an lura ba sai abu ya yi nisa. Dabbobi ba sa son ciyawar tana ɗanya, amma in ta shiga cikin harawa ko busasshiyar ciyawa, ko in rani ya tsananta ba abin ci, sukan ci. A shekarun 1970 a arewa maso yammacin Afganistan mutane da yawa sun kamu da ciwon hanta, wasu suka rasu, saboda irin wani Heliotropium ya gauraya da alkamar da suke ci. Na san ana amfani da kalkashin korama a maganin gargajiya. Ni dai a gidana na hana a jiƙa shi a sha, balle a ba yaro ko mai ciki. Kuma in kana yankar wa tumaki ciyawa a bakin gulbi, ka tsince shi ka fitar. Ba sai ka tumɓuke shi daga gaɓar gulbi ba, can wurinsa ne.

Yanzu ga masu laifin na gaskiya, don kada ka maimaita kuskurena. Mai cin alayyafo ita ma ƙaramar faɗa-wuta ce da ke tashi da rana in ka taɓa ganye, shi ya sa ake haɗa su. Amma ita launin ƙasa ce mai duhu, da fararen ratsi a gicciye, kuma in ta sauka takan shige bayan ganye ta baje fikafikanta kamar kusurwa uku. Ta fi tamu ƙanƙanta, faɗinta ya ɗan wuce santimita 2. Sunanta Spoladea recurvalis. Tsutsarta koriya ce, sumul, tana haɗa ganye da zare kamar na gizo ta zauna a ciki tana ci. In ka ga ganyen alayyafo a manne da ƴan baƙaƙen kashi a ciki, ita ce. A ƙaramin fangali, bin ganyen da hannu kowace safiya kana tsinke waɗanda suka naɗe ya fi mini feshi amfani, tunda ganyen nan miyar gidana ne. Ta wake kuwa, Maruca vitrata, da dare take aiki, tsutsarta na cikin fure da kwanso. Murzunar da ke bin zangarniyar gero tana yi mata zane kamar an murɗa igiya, ita ma uwarta ta dare ce. Kuma ma'aikatan INRAN, cibiyar binciken noma ta Nijar, na nan Maradi sun daɗe suna yaƙar murzuna da wani ɗan ƙaramin zanzaro, Habrobracon hebetor, wanda ake sakawa cikin ƴan buhunan gero a rataye a ƙauyuka don ya fita ya kashe tsutsar. Feshin da ba a tantance ba yana kashe irin waɗannan mataimakan tare da zuma.

Maƙwabcina na garka, dattijo ne da ya girme ni nesa, ya same ni wata rana a durƙushe a bakin rijiya da waya a hannu. Ya ce, "Mushe, lafiya? Wani abu ya faɗi ne?" Na ce, "Lafiya lau, Baba, zo ka ga wata baiwar Allah." Ya sunkuya da ƙyar, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Ikon Allah. Shekara sittin ina ban-ruwa a nan, ban taɓa sanin tana da ja ba." Bayan kwana biyu shi da kansa ya kira ni ya nuna mini wani kurmin kalkashin korama a bayan garkarsa da ban san da shi ba, tsutsa a kai ta fi ashirin.

In kana so ka tabbatar da idonka cewa tsutsar nan ita ke zama mai ɗigon ja, yi kiwonta. Aiki ne mai sauƙi, kuma ban san darasin da ya fi shi shiga kan yaro ba. Da na san shi lokacin ina lakwal da kowane aji nawa ya yi. Sami robar da aka gama da ita mai faɗin baki, ka wanke ta da kyau. Zuba ɗan busasshen yashi da ƴan busassun ganye a ƙasa. Ɗauko tsutsa biyu ko uku manya, tare da reshen da ka same su a kai, kada ka ɓamɓare su da yatsa. Rufe bakin da guntun tsohon gidan sauro ka ɗaure da roba. Ajiye a inuwa, inda tururuwa ba za ta kai ba. Ni nakan ɗora robar a cikin faranti mai ruwa. Kullum ka sa sabon ganye na ciyawar nan dai, ba wani ba, ka zubar da kashin da ya taru, ka wanke hannu bayan ka gama. Rana ɗaya za ka ga sun daina ci sun sauka ƙasa, sun saƙa wani ɗan gida sako-sako na zare a cikin busassun ganyen. Kada ka taɓa, kada ka zuba ruwa. A robarmu ba a cika mako biyu ba jikata ta sheƙo da gudu bayan sallar asuba tana cewa, "Kaka, Kaka, amarya ta fito!" Muka tarar da ita a manne da gidan sauron, fikafikan sun riga sun miƙe, jan nan sabo fil kamar yanzu aka ɗiga shi. Da hantsi muka kai ta inda muka ɗauko ta muka buɗe robar.

Hoto kuma, ba sai da babbar kyamara ba. Wayar hannu ta isa in ka yi haƙuri. Ɗauki ɗaya daga sama yadda ɗigon za su fito, ɗaya daga gefe, ɗaya kuma na tsiron gaba ɗayansa da furensa, don hoton tsiron rabin shaida ne. Akwai manhajar iNaturalist inda ake ɗora irin waɗannan hotuna, masana daga ƙasashe dabam-dabam su duba su faɗi sunan abin, kuma hotuna daga yankinmu ba su da yawa a can, duk wanda ka sa yana da daraja. Ni dai bayan waya ina da kaye na musamman a aljihun rigar garka. Kowace fita nakan rubuta kwanan wata, da wurin, da tsiron, da ko tsutsa na gani ko mai fiffike, da adadinsu, da yanayin garin, ko an yi raɓa ko iska. Shafin da ya fi cika shi ne na makonni uku bayan ruwan ƙarshe, don haka bana ma da zarar gulbi ya tsaya zan fara daga ramukan bulo na bayan gari, in gangara gaɓa har Jiratawa.